Jagorar tafiya aikin sa kai a Kosta Rika: daga neman gurbi zuwa sintirin kunkurun teku

A arewacin Najeriya idan aka ce ɗan sa kai, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne matashin da ya rataya bindigar toka yana tsaron ƙauyensu. Sa kan da ake magana a kansa a nan wani ne daban: mutum ya bar ƙasarsa na wasu makonni ko watanni, ya je ya yi wa wata ƙungiya aiki ba tare da albashi ba, galibi ma shi ne zai biya kuɗin abincinsa da na makwancinsa. Ƙasashen Amurka ta Tsakiya masu magana da Sifaniyanci sun yi suna a wannan harka, kuma Kosta Rika tana cikin na gaba-gaba, musamman a aikin kare kunkurun teku. A kanta wannan jagora za ta tsaya, ko da yake yawancin abin da za a faɗa zai yi amfani ga mai niyyar zuwa Guwatemala ko Panama ko Ikwado.

Akwai abu guda da ya kamata a sani tun daga farko. Kusan duk bayanan da ƙungiyoyin nan suke wallafawa an rubuta su ne domin Bature ko Ba'amurke, wanda zai sayi tikiti yau ya sauka gobe ba tare da biza ba. Shi ana ce masa ya zaɓi aiki, ya biya, ya hau jirgi. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru ko Chadi idan ya bi wannan jeri zai iya asarar kuɗinsa kafin ya taka ko filin jirgi. Nasa jerin a juye yake: ya fara tabbatar da biza da hanyar jirgi, biyan kuɗin ƙungiya ya zo daga ƙarshe.

Mataki na farko: sanin irin aikin da lokacinsa

Kosta Rika ƙaramar ƙasa ce da ke tsakanin Nikaraguwa da Panama, tana da gaɓar teku biyu, ta Karibiyan a gabas da ta Fasifik a yamma, kuma kowace gaɓa da irin kunkurunta da kakarta. A Tortuguero, a gaɓar Karibiyan, koren kunkuru da suke kira tortuga verde yana fitowa saka ƙwai daga watan Yuli zuwa Oktoba, kuma babu inda ya fi taruwa a duk nahiyoyin Amurka kamar wannan bakin teku mai baƙin rairayi. Ƙaton nan da suke kira baula, wanda bayansa ba ƙoƙo ba ne, wata fata ce mai kauri, kuma nauyinsa kan haura kilo 300, yana zuwa ne daga Maris zuwa Yuni. A ɓangaren Fasifik kuwa, a Ostional da ke lardin Guanacaste, ƙaramin da ake kira lora yana fitowa dubbai a cikin 'yan darare, abin da mutanen wurin suke kira arribada, kuma ya fi yawa a tsakiyar damina, wajen Satumba zuwa Nuwamba. Wanda ya sauka a watan da ba kakar gaɓar da ya zaɓa ba, zai ƙare ne yana kwashe robobi a bakin teku yana gyaran shinge. Aiki ne mai amfani, amma ba shi ya kawo shi ba.

Sai kuma tambayar wa zai ɗauki nauyi. Hanyoyin uku ne. Akwai kamfanonin dillanci da ke zaune a Turai ko Amurka, masu kyawawan hotuna a intanet, waɗanda suke karɓar kuɗi da dala a kan kowane mako su tura mutum wurin wata ƙaramar ƙungiya, bayan sun cire nasu kason. Akwai ƙungiyoyin da ke yin aikin da kansu, waɗanda ake iya rubuta wa kai tsaye, kuma kusan kullum sun fi araha. Misali shi ne Sea Turtle Conservancy, wadda aka kafa a 1959 a kan binciken da masanin dabbobi Archie Carr ya fara a Tortuguero, da kuma ASVO, ƙungiyar 'yan ƙasar da ke tura masu sa kai zuwa gandun daji da bakin teku. Irin waɗannan tashoshi sukan ɗauki mataimakan bincike na kimanin wata uku, su ba su abinci da wurin kwana, su kuma su biya kuɗin jirginsu. Ga wanda ya karanta ilimin halittu ko likitancin dabbobi ko kula da gandun daji, wannan ce ƙofar da ta fi dacewa, domin takardar gayyatar da za a ba shi tana da nauyi a idon jami'in biza. Hanya ta uku ita ce shirin masu sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa a 1970, wanda ba ya karɓar ko sisi, yana ma biyan kuɗin jirgi da alawus, sai dai yana neman ƙwarewa da harshe, kuma gasar shigarsa tana da zafi.

Aikin gidajen marayu, wanda ake yawan tallatawa a yankin, ban ba da shawararsa ba. Yara da yawa a irin waɗannan gidaje suna da iyaye a raye, kuma baƙin da ke zuwa su shaƙu da yaro na mako biyu su tafi suna bar masa ciwo ne a zuciya. Asusun UNICEF ya daɗe yana gargaɗi a kan haka.

Mataki na biyu: tantance ƙungiyar

Taɓa kunkurun teku ko ƙwansa a Kosta Rika ba ya halatta sai da izinin hukumar kula da wuraren da aka killace, wato SINAC, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar muhalli. Saboda haka tambayar farko da za ka aika wa kowace ƙungiya ita ce ta nuna maka izinin bincikenta na bana da sunan masanin da ke riƙe da shi. Ƙungiyar gaskiya ba ta jin haushin wannan tambaya. Bayan haka ka nemi a rarrabe maka kuɗin da za ka biya dalla-dalla, nawa ne na abinci, nawa ne na ɗaki, nawa ke shiga aikin kansa. Ka tambaya ko sun taɓa karɓar wani daga Afirka ta Yamma, ko za su rubuta takardar gayyata da Sifaniyanci mai ɗauke da lambar rajistarsu, kuma ko za su mayar da kuɗin ajiya idan an hana ka biza. Wannan sharaɗi na ƙarshe a same shi a rubuce. Duk wurin da ke tallata ɗaukar hoto rungume da dabbar daji, ko wanda ya ce a tura kuɗi zuwa asusun wani mutum maimakon na ƙungiya, a bar shi.

Mataki na uku: biza da takardu

A nan ne yawancin tafiye-tafiyen ke mutuwa, don haka sai a yi haƙuri da tsawon bayanin. Hukumar shige da fice ta ƙasar, Dirección General de Migración y Extranjería, ta kasa ƙasashen duniya rukuni huɗu. Biyu na farko suna shiga ba biza, na uku yana neman bizar ƙaramin ofishin jakadanci, na huɗu kuma sai wani kwamiti na musamman a San Hose, babban birnin ƙasar, ya amince. Ƙasashenmu duk suna cikin masu buƙatar biza, kuma da yake ana sabunta jerin lokaci zuwa lokaci, wajibi ne a duba shafin hukumar a makon da za a fara nema, a ga rukunin da fasfon mutum ya faɗa. Dokar shige da ficen ƙasar mai lamba 8764 ta ware wani matsayi na musamman ga ɗalibai da masu bincike da masu sa kai, kuma wanda zai zauna watanni yana aiki da ƙungiya, wannan matsayi ya kamata ƙungiyar ta taimaka masa ya nema, maimakon ya shiga a matsayin ɗan yawon buɗe ido.

Ƙasar ta daɗe tana sassauta wa wanda ke riƙe da bizar Amurka ko Kanada mai ba da damar shiga sau da yawa. Sai dai a watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da take ba 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, saboda haka kada a gina shiri a kan wannan sassauci sai an ga abin da ke manne a cikin fasfo.

Takardun da aka saba nema su ne fasfo mai sauran wa'adi aƙalla wata shida, takardar gayyata, bayanan asusun banki na watannin baya, shaidar cewa an kama kujerar jirgi zuwa da dawowa, da takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Da yake Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar da ta sauƙaƙa amincewa da takardu tsakanin ƙasashe da hatimi ɗaya, takardar 'yan sanda da ta haihuwa sai an kai su Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja an tabbatar da su, sannan a fassara su zuwa Sifaniyanci a hannun mai fassara da hukuma ta san da shi. Wannan zirga-zirga tana cin makonni, ita kuma takardar 'yan sanda tana da wa'adin da take tsufa, don haka a karɓe ta a ƙarshe-ƙarshe. Wanda ke son ya riski kakar Yuli ya fara motsi tun Janairu.

Ya kamata mai nema ya san dalilin da zai sa a dube shi da idon zargi. A shekarar 2023 mutane fiye da 500,000 suka ratsa dajin Darién da ke tsakanin Kolombiya da Panama da ƙafa suna neman isa Amurka, a cikinsu har da 'yan Afirka, kuma hanyar tasu ta Kosta Rika take bi. Jami'in da ke duba takardunka abin da ke ransa ke nan. Abin da zai kwantar masa da hankali shi ne shaidar cewa kana da abin da zai dawo da kai gida: takardar hutu daga wurin aiki, ko wasiƙar jami'a, ko rajistar kasuwanci, tare da ranar dawowa tabbatacciya.

Mataki na huɗu: hanyar jirgi

Babu jirgin da ke tashi daga Legas ko Abuja ko Kano ko Yamai kai tsaye zuwa Amurka ta Tsakiya, kuma kowace tasha da za a ya da zango tana da nata sharaɗi. Amurka ba ta da tsarin wucewa ba biza, ko da awa biyu mutum zai yi a filin jirgi. Ƙasashen Schengen, wato irin su Sifaniya da Faransa da Jamus da Holan, suna neman bizar wucewa ta filin jirgi daga 'yan Najeriya da 'yan Ghana, sai wanda ya cika wasu sharuɗɗan keɓewa. Shi ya sa da yawa suke duba hanyar Istanbul, inda kamfanin Turkish Airlines ke da jirgi zuwa birnin Panama, daga nan kuma Copa Airlines ya ƙarasa da mutum filin Juan Santamaría da ke kusa da San Hose. Ko a wannan hanyar ma a tambayi kamfanin jirgin a rubuce game da kowane zango. A watan Oktoban 2023 ƙasar El Salvador ta ɗora wa masu fasfon ƙasashen Afirka da Indiya harajin dala 1,000 don wucewa ta filin jirginta kawai, kuma irin wannan doka takan fito ba sanarwa mai nisa. Ya fi aminci a sayi tikiti ɗaya da ya haɗa tafiyar gaba ɗaya, domin wanda ya yanka ta gida biyu sai ya fita ya karɓi kayansa a tsakiyar hanya, fitar kuwa tana neman biza.

Mataki na biyar: lafiya

Ba za a bar matafiyi daga Najeriya ya shiga ba sai da katin rigakafin zazzaɓin shawara, kuma dole allurar ta kwana goma kafin tafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har abada, saboda haka wanda ya yi ta a baya katin kawai zai nema daga ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa. Cutar sauro da ta fi damun mutane a can ita ce denge, wadda sauronta da rana yake cizo, don haka gidan sauro shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da riga mai dogon hannu da man korar sauro. A sayi inshorar lafiya da ta haɗa da ɗaukar mara lafiya daga wuri mai nisa, domin Tortuguero ba mota ke zuwa ba, sai kwalekwale daga mashigar La Pavona ko ƙaramin jirgin sama. Lambar neman agaji a duk ƙasar ita ce 911.

Maciji da aka fi tsoro shi ne terciopelo, mai kwanciya a cikin busassun ganyaye a gefen hanya, kuma saboda shi ne ba a shiga daji da silifas ko ba tocila. A nan akwai wata alaƙa da mutanenmu da yawa ba su sani ba: cibiyar Clodomiro Picado ta Jami'ar Kosta Rika, wadda ke haɗa maganin dafin macizan ƙasar, ita ce kuma ke haɗa EchiTAb-Plus, ɗaya daga cikin magungunan da aka yi amfani da su a asibitin Kaltungo na jihar Gwambe don ceton waɗanda kububuwa ta sara. Amma abin da ya fi maciji halaka baƙi shi ne teku. Igiyar da ke jan mutum zuwa ciki tana da ƙarfi a gaɓoɓin biyu, kuma wanda iyakar iyonsa kududdufi ko kogi ne kada ya wuce gwiwa.

Mataki na shida: harshe da zama da mutane

Bahaushe yana da sa'a da Sifaniyanci ta fuskar furuci, domin wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake karantawa. Wanda ya yi karatun Larabci zai tsinci tsofaffin sanayya a ciki, irin su azúcar, wato sukari, da aceite, wato mai, da ojalá, wadda asalinta fatan Allah ya so ne. Wata uku na karatu kullum kafin tafiya sun isa mutum ya iya gaisuwa, ya ƙirga har ɗari biyu, ya tambayi hanya, ya faɗi abin da ke masa ciwo. Ƙirgar ba abin wasa ba ce, da ita za ka yi aiki cikin duhu. Mutanen ƙasar, waɗanda ke kiran kansu ticos, suna amfani da usted, kalmar girmamawa, har ga yara, kuma idan sun isa ƙofar gida sukan ɗaga murya su ce upe, kamar yadda muke sallama. A lardin Limón akwai baƙaƙen fata jikokin ma'aikatan da aka kawo daga Jamaika a shekarun 1870 don shimfiɗa layin dogo, kuma da yawansu suna jin Turanci.

Abincin yau da kullum shinkafa da wake ne, da safe a soya su tare a kira su gallo pinto, da rana a zuba su da soyayyar ayaba da ganye da nama a kira su casado. Musulmi zai rayu lafiya a kan wannan da kifi da ƙwai, amma ya haddace kalmomin da ke nufin alade: cerdo, chancho, chicharrón, jamón, tocino, chorizo. Ya kuma tambayi da wane mai aka dafa waken, domin kalmar manteca tana iya nufin kitsen alade. Gara a sanar da mai girki tun a wasiƙar farko. Akwai masallaci a San Hose, amma a bakin teku mutum shi kaɗai zai yi sallarsa, alƙibla kuma arewa maso gabas take. Rana tana fitowa wajen biyar da rabi ta faɗi kafin shida kusan duk shekara, kuma agogonsu yana bayan na Najeriya da awa bakwai. Abubuwa biyu da za a tambaya ba kunya: ko ɗakin kwanan maza da mata a rabe yake, domin a tashoshi da yawa a haɗe yake, da kuma ko akwai karnuka a cikin gidan da za a sauke ka. Gaisuwar sumbatar kunci tsakanin mace da namiji al'adarsu ce, kuma ɗora hannu a ƙirji da murmushi ya isa ya maye gurbinta.

Mataki na bakwai: aikin kansa

Kaya kaɗan ake buƙata: baƙaƙen tufafi masu saurin bushewa, rufaffen takalmi, rigar ruwa, tocilar goshi mai jan haske, da jakar da ruwa ba ya shiga don fasfo da waya. Ruwan saman Tortuguero yana haura milimita 5,000 a shekara, wato ya ninka na Kano fiye da sau biyar, kuma tufafin da aka shanya yakan kwana uku bai bushe ba. Wutar lantarkinsu bolt 120 ce da soket irin na Amurka, sai a zo da abin haɗi.

Sintiri da dare ake yi, galibi awa huɗu, wani rukuni daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu, wani daga sha biyu zuwa asuba, ana tafiyar kilomitoci a kan rairayi mai nutsa ƙafa ba tare da kunna fitila ba, domin farin haske yana mayar da kunkuru cikin ruwa, yana kuma ɓatar da 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe. Idan aka ga sawun macen kunkuru, kamar na tayar tarakta daga ruwa zuwa tudu, shugaban rukuni ne kaɗai ke matsawa ya duba. Ba a kusantarta tana haƙa rami, sai ta fara saka ƙwai, lokacin da takan shiga wani hali kamar na gyangyaɗi. A nan ne ɗan sa kai zai kwanta a bayanta da safar hannu yana ƙirga ƙwan da ke faɗowa, wanda a koren kunkuru yakan kai ɗari ko fiye. Bayan ta gama a auna tsawon bayanta da faɗinsa da tef, a karanta lambar ƙarfen da ke maƙale a fiffikenta, a rubuta inda ramin yake. Ba a shafa man sauro a hannun da zai taɓa ƙwai. A wasu gaɓoɓin ana kwashe ƙwan zuwa wani killataccen wuri da ake kira vivero, a yi gadinsa dare da rana kimanin wata biyu, ana auna zafin rairayi, domin zafin ne ke yanke jinsi: idan ya yi yawa mata ne ke rinjaye. Bayan ƙyanƙyasa sai a tone ramin a ƙirga ɓawo da ƙwan da ya lalace, kuma warin wannan aiki ba a manta shi.

Abokan hamayya su ne karnuka da ungulu da wata irin damisa da ake kira jaguwa, wadda a Tortuguero takan kashe manyan kunkuru, sai kuma masu satar ƙwai da ake kira hueveros. Ba aikin ɗan sa kai ba ne ya tunkare su. A ƙarshen watan Mayun 2013 aka kashe wani matashi ɗan ƙasar mai kare kunkuru, Jairo Mora Sandoval, a bakin tekun Moín kusa da Limón, bayan an tare shi tare da wasu baƙi mata huɗu masu sa kai. Saboda haka a tambayi ƙungiya ko masu gadin daji ko 'yan sanda suna raka sintiri a gaɓarta, kuma kada a fita bakin teku da dare ba shugaban rukuni. Kada kuma baƙo ya yi gaggawar yanke hukunci a kan duk wanda ya gani da ƙwai, domin a Ostional doka ta ba mutanen garin damar ɗibar ƙwan da aka saka a farkon arribada, tunda kunkurun da ke zuwa daga baya suna tone su su fasa, su kuma mutanen suna gadin gaɓar da tsabtace ta.

Mako ɗaya kafin tafiyarka gida, ka nemi shugaban tashar ya rubuta maka wasiƙa a kan takardar ƙungiya mai nuna ranakun da ka yi da irin aikin da ka koya, domin bayan ka tafi sabuwar kaka za ta shagaltar da su. Ka kuma duba adadin kwanakin da jami'in filin jirgi ya rubuta da hannu a kan hatimin shigarka, domin shi ne wa'adinka na gaskiya ko da bizar ta nuna fiye da haka, kuma kwalekwalen da ke fita daga Tortuguero yakan makara idan ruwan kogi ya janye, saboda haka a kwana a San Hose daren da ya gabaci tashin jirgi.